Ƙwanƙwasar da Ke Ƙarƙashin Motar Farida

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

To, wata Juma'a ce cikin rani, a Madarunfa. Maza na fitowa daga masallaci suka tarar da motar ƙungiyar mata ta gangara da baya ta faɗa tafki. Tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya. Ƙafafunta na baya cikin ruwa, buhunan takin lambu na ta jiƙa, inji na kuka shi kaɗai babu kowa ciki. Abin da ya hana ta nitsewa jirgin Zakari masunci ne, wanda ta take ya tsage kamar ɓawon gyaɗa.

Zakari ya ɗora hannu aka yana kururuwa. "Jirgina! Jirgin da ubana ya bar mini! Na faɗi tun farko, mace da mota, ai ga ta nan!"

Macen da yake nufi ita ce Farida. Ita ta je Maradi ta koyo tuƙi ta samo parmi, wato takardar izinin tuƙi, matan lambu suka karɓe makulli daga hannun Mansur, tsohon shofer ɗinsu mai yawan sulalewa garin Ɗan Issa da motar don harkar kansa, suka ba ta. Tana tsaye bakin ruwa, zanenta jiƙe har gwiwa, ko hawaye babu.

"Na ja birkin hannu," in ji ta. "Na sauka in kira mata su sauke taki. Ban kashe ta ba don in ta mutu sai an tura. Amma na ja birki."

Sai dariya ta tashi. Ku sani, a garin nan ba a tsayar da mota sai an soka mata dutse ƙarƙashin taya. Haka aka taso aka gani. Sandar nan ta tsakanin kujeru kuwa, wurin rataye casbi ce da ledar goro. Farida kaɗai ke jan ta, kuma ita ba ta sa dutse, an daɗe ana jin haushinta a kan haka.

Maigari ya miƙa hannu, ta ɗora masa makulli. Ya ce gobe bayan la'asar za a taru ƙofar gidansa, in laifinta ne makulli ya koma wurin Mansur. Wasu na cewa sakaci ne, wasu na cewa turo motar aka yi, har aka fara tambayar ina Toma makanike yake lokacin da mutane ke salla, tunda shi Kirista ne ba ya masallaci.

Maigari ya ce a kira Ɗan Azumi.

Shi Ɗan Azumi mai bin sawu ne, dattijo siriri mai ƙaramin gemu. Shanun da ya bi ya komo da su daga bakin iyaka ba su lissafuwa. Kowace safiya yakan zaga gari kansa a sunkuye, yana karanta ƙasa yadda wasu ke sauraren rediyo. Ya san wa ya yi baƙo, ya san akuyar wa ke ɗingishi, ya san hanyar da Duna, baƙin jakin Zakari, ke bi in ya cinye igiyarsa ya tafi ɓarna lambun mutane.

"Aikin kaɗan ne," in ji Maigari. "Duba mana inda ta tsaya. In babu alamar dutse, shi ke nan."

Ɗan Azumi ya hau gangaren. Ƙasan duk an tattake, amma can sama sawun na nan lafiya. Ya tsuguna ya daɗe. Ya shafa nan, ya shafa can.

"Dutse dai babu."

"Kun ji ko!" in ji Zakari.

"Ban gama ba, sarkin gaggawa. Ranka shi daɗe, zo ka gani. Ƙafar baya ta hagu ta bar zanenta tsaf, gara ta yi. Ta dama kuwa ba zane, huɗa ta yi kamar garma. Jan ta aka yi tana ƙi. Wagga mota ƙafa ɗaya ta riƙe, ɗaya ta saki. Kuma babu sawun wanda ya tura."

"Dutse muka tambaye ka, Ɗan Azumi."

"Ni kuma ƙasa na tambaya. In abin da kuke son ji kawai kuke so, da ba ku tashe ni daga cin tuwona ba."

*

Ya fara da Farida. Ya same ta zaure tana matse zane.

"Ɗiyata, mi ya hana ki sa dutse ki huta da bakin mutane?"

"Baba, wanda ya ƙera mota ya sa mata birki. Bai sa mata dutse ba. In na sa dutse yau, gobe su ce in ba namiji ya tayar mini, jibi su ce in koma baya in zauna kan buhu."

"To. Motar lafiyarta lau kwanan nan?"

Ta saki zanen. "Akwai wata ƙwanƙwasa. Tun ranar kasuwar da ta wuce. In na hau gargada sai in ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙofa daga ƙasa. Na kai wa Toma, ya ɗaure bututun hayaƙi, ba ta daina ba. Matan da nake ɗauka har sun fara cewa mutanen tafki ne ke sallama."

Toma yana garejinsa ƙarƙashin dogon yaro, rai a ɓace.

"Baba, na ji abin da ake faɗi. Lokacin salla ina nan ina cin shinkafa, Susana matata na zaune, Malam Abdurrahman mai ciwon ƙafa na kwance bisa bencin nan yana jiran babur ɗinsa. A tambaye shi. Shekara nawa ina gyara motocin garin nan, yau ni ne mai tura mota tafki?"

"Ni ban ce ba. Ƙwanƙwasa na zo tambaya."

Toma ya sosa ƙeya. "Wannan kam ta kā da ni. Na duba bututu, na duba tayar ajiya, na girgiza ƙafafu. In tana tsaye ba ta yi, ni kuwa ba ni iya kwanciya ƙarƙashinta tana gudu."

Mansur kuwa yana tasha yana shan shayi, ya riga ya sa sabuwar hula.

"Kai ka shiga ka riƙe sitiyari da shanu suka jawo ta daga tafki," in ji Ɗan Azumi. "Sandar birki tana sama ko tana ƙasa?"

"Wallahi ban lura ba, Baba."

"Shofer ya shiga mota bai lura ba?"

"Abin ado wa ke kallonsa?" Ya kau da kai yana hura shayin da ya riga ya huce.

Ɗan Azumi ya tafi yana cewa a ransa, wanga yaro yana da abin da ya ɓoye, kuma shi ne zai ci riba. Ya biya ta lambu wurin Hasiya, shugabar ƙungiyar mata, mace mai murya kamar kakaki.

"Ɗan Azumi, in suka ba Mansur makulli, gara mu sayar da motar mu koma amalanke. Tumatir ɗinmu zai ruɓe yana Ɗan Issa yana canjin kuɗi. Ka ga abin baƙin ciki, bana ne fa lambu ya yi kyau. Dubi salatin nan. Kwanan nan ko ganye ɗaya ba a taɓa mini ba."

Ya dubi salati, ya yaba, ya karɓi wanda ta cusa masa cikin aljihu, ya wuce. Hankalinsa na kan Mansur.

*

Da safe ya isa gidan Maigari.

"Ranka shi daɗe, makulli nake so. Sawun da nake bi yana cikin motar."

"Sawu cikin mota? To, Mansur ya tuƙa ka."

"Farida za ta tuƙa ni."

"Mace da ake tuhuma?"

"Hannun da aka ce ya yi laifi shi nake son gani yana aiki. In ba ita ba, na fasa, kuma da la'asar zan faɗi gaban jama'a dalilin fasawata."

Maigari ya harare shi, ya jefa masa makulli.

Ɗan Azumi ba ya son mota, ko Maradi da ƙafa yake so ya je. Amma ya hau. Toma ya zauna baya. Suka ɗauki hanyar jar ƙasa ta wajen Gabi, ko nisa ba su yi ba sai ga ta. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas. Ƙwas.

"Ka ji ta, Baba?"

"Na ji. Ba aljani ba ne. Aljani ba ya jiran rami kafin shi yi sallama."

Ya sa aka tsaya aka sauke duk abin da ke motsi: kirik na ɗaga mota, buta, wata tsohuwar sarƙa, tayar ajiya. Aka tashi. Ƙwas. Ya koma baya ya kwanta rub da ciki, ya kafa sandarsa bisa ƙarfen ƙasa, ya ɗora kunne a ɗaya bakin, yadda yake yi in yana neman gafiya cikin rami. Ya saurara wajen ƙafar dama, nesa take. Ya ja jiki wajen ta hagu, ta ɗan matso. Ya rarrafa gaba, ya rarrafa, har kansa ya bugi bayan ɗakin direba. Toma na riƙe da rigarsa kada gargada ta watsar da tsoho.

"Tana gaba! Tsaya in dawo."

Ya dawo kujerar gaba, ya kafa sanda ƙarƙashin ƙafafunsa, ya matsa da ita taki-taki zuwa tsakiya. Ƙarar na ƙara kusa, har sandar na yi masa rawa cikin kunne. Ana cikin haka garken tumaki ya ratso hanya. Farida ta taka birki, ta rage gudu, hannunta ya kai kan sandar tsakiya ta ɗan ɗaga ta don shirin tsayawa. Motar na gara bisa gargada, amma ƙwanƙwasa ta yi tsit.

"Mi kika taɓa?"

"Birkin hannu."

"Saki."

Ƙwas. Ƙwas.

"Ɗaga."

Shiru.

Ɗan Azumi ya yi dariya har da tari. "Mun iso bakin ramin. Toma, sauko da kwalinka."

Suka faka gefe. Toma ya zare robar da ta rufe gindin sandar, ya nuna masa wayar ƙarfe da ta ratsa ta yi ƙasa. Suka shimfiɗa kwali suka shige ƙarƙashi su biyu, Farida ta tsuguna tana leƙe. Suka bi wayar da yatsa har inda ta ƙare jikin wani ɗan ƙarfe na gicciye.

"Ka ga wannan, Baba? Kamar sandar ɗan ga-ruwa yake. Waya ɗaya ta tafi ƙafar dama, ɗaya ta tafi ta hagu, in an ja sama ya ja su tare." Sai Toma ya ƙura ido. "Yesu Ubangiji. Ina ta hagun?"

Babu ita. Guntu ne kawai ya rage, kamar wutsiyar ɓera. Ƙarfen ya karkace yana lilo, da Ɗan Azumi ya taɓa shi da yatsa ya bugi cikin motar. Ƙwas.

"Shi ya sa sandar ke tashi sama fiye da da," in ji Farida a hankali. "Na zaci sakwarkwacewa ta yi."

"Ƙafa ɗaya na riƙe ta in babu kaya, a shimfiɗaɗɗen wuri," in ji Toma. "Da buhunan taki a gangare, ina! Kaico, ni na ɗaure bututu a nan kusa ban ɗaga ido ba. Mu ma makanikai mun manta ana jan abin nan."

"Mansur ne," in ji Farida. "Wallahi sai na..."

"Dakata, ɗiyata." Ɗan Azumi na murza bakin guntun. "Toma, in kai za ka cire wagga waya, yaya za ka yi?"

"In kwance wannan ƙusar, in zare ta lafiya. Mansur ma ya san haka, ya yi yaron mota."

"Wannan kuwa gurza ta aka yi da magagari, zare-zare, har mai yi ya gaji. Wanda ya yi bai san mota ba. Kuma ba birki ya zo ɓatawa ba, da duka biyun zai yanke. Wayar yake so."

Ya kwanta nan yana kallon ƙarfen. Wa ke son waya mai tsawon gaba guda, wadda ba ta tsinkewa? Ya sa hannu aljihu neman goro, sai ya ciro ganyen salati ya yi yaushi. Ya dube shi. Ya dube shi dai. Sai ya tuna zagayensa na safiya, jiya da shekaranjiya da kafin su. Akwai sawun da ya saba tsallakewa a lungun lambu kowace rana ta Allah, kuma tun ranar kasuwa bai gan shi ba.

"Ku fito da ni," in ji shi. "Na tsufa. Ina ta neman sawun da aka bari, ban lura da wanda aka daina bari ba."

*

Bayan la'asar ƙofar Maigari ta cika. Mata sun yi layi bayan Hasiya. Mansur na gaba da sabuwar hularsa, Zakari ya zo da ɓallin katakon jirginsa yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa. Toma na tsaye, hannu harɗe. An faka motar gefe, makulli na kan tabarmar Maigari.

Ɗan Azumi ya tashi. "Mansur, zan sake tambayarka, kuma Allah na jinka. Sandar tana sama ko ƙasa?"

Mansur ya dubi hagu ya dubi dama. "Tana sama. Na sauke ta kafin shanu su ja."

"Mi ya hana ka faɗi jiya?"

"Ba a... ai ba ta da wani aiki."

"Makulli kake so, shi ya hana ka. Zauna, ba kai ka yanke ba." Ya ɗaga guntun waya ya bayyana musu yadda aka yi, da sandar ɗan ga-ruwa da ƙafar da ta saki. "Toma ma a bar shi ya sha ruwa. Saura shaida ɗaya, ranka shi daɗe. A kawo Duna."

"Jaki?" in ji Maigari. "Ɗan Azumi, nan ba dandali ba ne."

"Jaki. Da turkensa da abin da aka ɗaure shi, kada a kwance."

Zakari ya miƙe. "Mi ya haɗa jakina da wagga magana? Ni aka yi wa ɓarna!"

"Zakari, tare muka yi kiwo ni da kai. Wace igiya ce Duna bai ci ba? Ta kaba, ta rama, ta roba, har ragowar komarka ya ci. Hasiya, yaushe rabon da shi shiga lambunki?"

Hasiya ta buɗe baki, ta rufe, ta buga cinya. "Tun ranar kasuwa! La'ilaha! Ni ina ta cewa addu'ata ce!"

Aka jawo Duna yana turjewa. A wuyansa, cikin tsumma don kada ta yanke shi, ga wayar ƙarfe tana ƙyalli inda haƙora suka gurje ta suka kasa. Toma ya warware bakinta ya haɗa da guntun. Zare ya hau zare.

Jakin ya hura hanci.

"To ai ba sata ba ce!" in ji Zakari. "Motar na kwance bakin kasuwa, na leƙa na ga waya biyu. Ɗaya na ɗauka, na bar ɗaya. Na tambaya fa! Na ce Mansur, wagga waya mi take yi? Ya ce ta birkin hannu ce, ba ta da aiki. Ku faɗi gaskiya, jama'a, wa ke jan abin nan a garin nan? Wa?"

"Ni," in ji Farida.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta fito tsakiyar fili.

"Ni nake ja, Baba Zakari. Kuma ta riƙe da ƙafa ɗaya har ta huɗa ƙasa. Da yara na wanka wurin jirginka fa? Ka ga motar cikin ruwa, ka san abin da ka cire, ka tsaya kana zagin mata."

Zakari ya sunkuyar da kai. Ɓallin katakon ya sulale daga hannunsa.

Maigari ya yi gyaran murya. "To. Gaskiya ta fito. Za a mayar miki da makulli, amma da sharaɗi. Daga yau ki riƙa sa dutse kamar kowa, hankali ya kwanta."

"Ranka shi daɗe, ba ni sawa."

Aka yi "a'a!" daga wajen maza.

"Ba rashin dutse ya kai ta tafki ba, rashin waya ne. A sa mini waya. In na karɓi sharaɗin, na yarda ke nan akwai laifina, kuma babu."

Maigari ya dubi Ɗan Azumi, ko zai tausa ta. Tsohon ya ɓare goro ya jefa baki.

"Ni ƙasa na karanta, ranka shi daɗe. Ban ga inda ta ce laifin dutse ne ba."

Hasiya ta yi guɗa, mata suka amsa. Farida ta durƙusa gaban Maigari yadda ya kamata, ta gaishe shi, ta sa hannu ta ɗauki makullinta daga kan tabarma. Bai ce ɗauki ba, bai kuma ce ajiye ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Zakari ya sayo sabuwar waya daga Maradi, ya biya matan lambu takinsu da kifi har damina, jirgi kuwa sai da ya yi haya kafin ya sassaƙa wani. Toma ya ɗaura wayar, kuma duk motar da ta shigo garejinsa yanzu sai ya ja sandar tsakiya ya ji. Mansur ya koma Ɗan Issa yana tuƙa motar wani ɗan kasuwa. Ɗan Azumi na nan yana zagayen safiya, bai sake hawa mota ba. Duna ya koma igiyar kaba, ya cinye ta, ya cinye salatin Hasiya. Farida kuwa har yau ita ke tuƙa motar mata, tana faka ta a gangaren nan na bakin tafki, ta ja birki, ta sauka ta yi tafiyarta.